Amanar Ekklesiya ga Unguwarta

Darasin wannan wata domin dattawa ne, da zumuntar mata, da ajin manya na makarantar Lahadi. Kafin a fara, a karanta Irmiya 29:4-7, da Ayyukan Manzanni 6:1-7, da II Korinthiyawa 8:16-24.

Majami'ar da mu ke yi wa hidima tana Unguwar Dosa, a arewacin birnin Kaduna, kusa da Kawo. Wanda ya san Kaduna ya san abin da wannan ke nufi. Tun daga tashin hankalin Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, da na Nuwamba 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011, mutanen garin nan suka raba zama. Kirista da yawa suka ƙetare kogi suka koma Sabon Tasha, da Narayi, da Romi, da Gonin Gora. Musulmi da yawa da su ke can kudu, su ma suka tattara nasu ya nasu suka dawo arewa. Babu wanda ya kafa doka a kan haka. Tsoro ne ya yi aikin.

Domin wannan, yawancin waɗanda su ke cika bencinmu ran Lahadi daga ƙetaren kogi su ke zuwa. Sa'anda aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, zuwan ya yi nauyi ga mai iyali. Sai wani dattijo ya miƙe a taron dattawa ya ce, "Fasto, mu faɗa wa juna gaskiya. Fili a nan yana da tsada yanzu. Me zai hana mu sayar, mu gina wata a Sabon Tasha inda mutanenmu su ke?"

Kada kowa ya ga laifin wannan dattijo. Gidansa na nan aka ƙone a shekarar 2000, duk da haka bai fasa zuwa ba. Tambayarsa kuwa tana ɗauke da tambayoyi biyu waɗanda kowace ekklesiya ya kamata ta amsa, ko tana cikin birni ko tana ƙauye. Dukiyar ekklesiya ta wa ce? Domin wa kuma aka ajiye ta a inda ta ke?

Abin da dokar ƙasa ta ce

Bari mu fara da dokar ƙasa, gama da yawa cikinmu ba su san ta ba. A Nijeriya ekklesiya ba kamfani ba ce mai masu hannun jari. Ana yi mata rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni da sunan amintattu, wato mutanen da aka zaɓa su riƙe fili da gini da kuɗi a madadin jama'a. Dokar farko ta wannan al'amari ta fito tun 1924, zamanin Turawa. Daga baya aka sa shi cikin dokar kamfanoni ta 1990, wadda a ke kira CAMA, aka kuma sabunta ta a watan Agusta 2020. A manyan ɗariku amintattun suna hedkwata, kamar yadda na ECWA su ke a Jos, ekklesiyar unguwa kuwa tana riƙon abin da ke hannunta a ƙarƙashinsu.

Ku lura da sharuɗan. Kafin a yi rajista, sai an buga sunayen amintattun a jaridu, a jira kwana 28, domin in wani yana da ƙorafi ya kawo. Yaro ba ya zama amintacce, haka kuma wanda kotu ta kama da zamba a cikin shekara 5 da suka wuce. Kuɗin da ya shigo ba shi da inda za shi sai aikin da aka rubuta cikin tsarin mulkin ƙungiyar. Ana iya biyan ma'aikaci albashin da ya dace da aikinsa, amma ba a raba wa 'yan ƙungiya riba. Kowace shekara ana kai wa hukuma rahoto. In kuwa ƙungiyar ta rushe, abin da ya ragu bayan biyan bashi ba a raba shi tsakanin 'yan ƙungiya. Sai a miƙa shi ga wata mai irin aikinta.

Maƙwabtanmu Musulmi sun san irin wannan tun da daɗewa, suna kiransa wakafi. Mutum ya ba da gona ko rijiya ko gida saboda Allah, daga ranar nan ya fita daga hannunsa, ba ya shiga gadon 'ya'yansa. In muka ce wa malamin unguwa majami'armu kamar wakafi ta ke, nan da nan zai gane, wataƙila ma ya riga waɗansu dattawanmu ganewa.

Sa'anda dokar 2020 ta fito, an yi hayaniya a kan sashe na 839, wanda ya buɗe hanyar dakatad da amintattu a naɗa mai riƙon ƙwarya in an ga ɓarna. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ta ƙi shi ƙwarai, magana ta kai kotu, a shekarar 2023 kuma wata babbar kotun tarayya a Abuja ta soke sashen. Mu ma ba mu so jami'in gwamnati ya zauna a kujerar dattawa ba. Amma bari mu faɗi abin da ba a cika faɗa ba. Da littattafan lissafinmu a buɗe su ke, da masu neman wannan iko ba su sami hujja ba. Akwai majami'u a ƙasar nan inda baiko ke tafiya kai tsaye zuwa asusun mutum ɗaya, filin ma da sunansa aka saya. Ran da ya mutu, 'ya'yansa da dattawa su ke haɗuwa a gaban alƙali.

Abin da manzanni suka yi

Tun kafin a yi wata hukumar rajista, ekklesiyar Urushalima ta gamu da wannan matsala. Kowace rana ana rabon abinci ga gwauraye mata. Masu-bi kuwa iri biyu ne: Yahudawa masu harshen gida, da Yahudawan da suka tashi a ƙasashen waje masu harshen Helenanci. Sai masu Helenanci suka fara gunaguni, cewa ana tsallake gwaurayensu.

Ku duba abin da manzanni sha biyu suka yi. Ba su ce gunaguni zunubi ne a yi shiru ba. Ba su kuma ce su da kansu za su gyara a ɓoye ba. Suka tara jama'a duka, suka bar wa jama'ar zaɓe, aka fitad da mutum 7 waɗanda kowa ya shaida halinsu. Ga wani abu da mai karatu da sauri ba zai gani ba: sunayen bakwai ɗin nan duka na Helenanci ne, Istifanus da Filibus da sauransu, na ƙarshensu ma, Nikolas mutumin Antakiya, ba haifaffen Bayahude ba ne. Ga alama an ɗauki mudu an sa a hannun ɓangaren da ya yi kuka.

Mu a Kaduna, bencinmu ɗaya yana ɗauke da Bajju, da Atyap, da Ham, da Gbagyi, da Angas, da Bahaushe. In masu rabon hatsi duka daga ƙauye ɗaya suka fito, gunaguni zai zo ko da sun yi adalci, gama ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sau nawa a ke zaɓen kwamitin taimako a duba wanda ya fi arziki, a manta da wanda ya san inda mayunwata su ke kwana?

Manzo Bulus ya ƙara mana wani abu. Ya tara gudummawa daga ekklesiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. Shi ne ya kafa ekklesiyar Korinti, ba wanda zai hana shi ɗaukar jakar. Duk da haka ya aiki Titus da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗaya daga cikinsu ekklesiyoyi ne da kansu suka zaɓe shi ya raka kuɗin. Dalilin da ya bayar shi ne kada kowa ya sami abin zargi, domin gaskiyar mutum ta bayyana ga mutane kamar yadda ta bayyana ga Allah.

A nan dole mu yi ikirari. A shekarunmu na fari cikin hidima, a wata ekklesiya dabam, kuɗin taimakon matalauta a aljihunmu ya ke zama. Mai bukata ya zo da dare, mu ciro mu ba shi. Ba mu ci ko kwabo ba, Allah shi ne shaida. Amma ran da wata uwa ta zumuntar mata ta tambaye mu a gaban jama'a, "Malam Fasto, nawa ya shigo, nawa ya fita?" ba mu da takarda ko ɗaya da za mu nuna mata. Mun ji haushinta kwana biyu. A rana ta uku muka gane ita ce a kan hanyar Bulus, mu ne muka kauce. Tun daga nan ba mu ƙara taɓa kuɗin ekklesiya da hannunmu ba. Mutum biyu ke ƙirga baiko, ma'aji ya rubuta, magatakarda ya sa hannu, a karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata uku, a kuma manna shi a allon sanarwa. Sunayen waɗanda aka taimaka kaɗai a ke rufewa, domin mutuncinsu.

Domin wa aka ajiye mu a nan?

Yanzu mu koma ga tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya. Annabi Irmiya ya rubuta wasiƙa zuwa ga Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Waɗansu annabawa suna ta gaya musu zaman na ɗan lokaci ne, Hananiya ma ya yanke shekara 2. Irmiya kuwa ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su aurad da 'ya'yansu, su nemi lafiyar birnin su kuma yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Wannan birnin waɗanda suka ci su da yaƙi ne fa.

Mu kam ba bayin yaƙi ba ne a Kaduna. Garinmu ne. Mu da mu ke rubuta wannan Hausawa ne, 'yan'uwan mahaifinmu suna salla, tare mu ke zaman makoki da na suna. In an umurci baƙi a Babila su nemi lafiyar birni, ina ga ɗan gari?

Ekklesiyar farko ta ɗauki wannan da gaske. Wajen shekara ta 251, Bishop Karniliyus na Roma ya rubuta cewa ekklesiyarsa tana ciyad da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. A zamanin nan kuma annoba ta faɗa wa birnin Kartaj a arewacin Afirka, mutane suna gudu suna barin marasa lafiyarsu a titi. Bishop Kifriyanus ya tara masu-bi ya ce su yi jinyar kowa, har da waɗanda suka tsananta musu. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 362, Sarki Yuliyanus, wanda ya bar bangaskiya ya koma ga gumaka, ya rubuta wa wani babban firist nasa yana ƙorafi, cewa Kirista suna ciyad da matalautansu su kuma haɗa da na arna, abin kunya ga masu gumaka. Shaidar maƙiyi ke nan.

A ƙasarmu ma haka aka fara. Likita Miller na CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, aikin ya koma Wusasa a 1929, asibitin can kuwa yana karɓar mai ciwo na kowane addini. A shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin ido na Kano, wanda aka buɗe a 1943, har yau mutane suna zuwa masa daga Nijar da Cadi. Ba mu ce babu kuskure cikin aikin iyayen nan namu ba. Akwai inda aka sa mai ciwo ya zauna jin wa'azi kafin ya ga magani, mutane kuma ba su manta ba. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan. St. John's ta nan Kaduna ta zama Rimi College, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Queen Amina. Waɗansu har yanzu suna kukan wannan. Mu a ganinmu lokacin kuka ya wuce. Ekklesiyar unguwa ba za ta gina asibitin ido ba, amma akwai abin da ke daidai ƙarfinta.

Famfo, da buhun masara

Sa'anda muka haƙa rijiyar burtsatse, dattawa sun yi gardama a kan abu ɗaya: famfon zai zauna cikin katanga ko waje? Masu cewa ciki suna da hujja. Ran 28 ga Oktoba 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota cikin majami'ar St. Rita a Malali, nan kusa da mu, ana tsakiyar sujada, aka rasa rayuka. Tun daga nan kowace majami'a a arewacin Kaduna ta ɗaga katanga ta sa masu bincike a ƙofa. Ba mu raina wannan ba, mu ma muna yi. A ƙarshe aka huda katanga aka fitad da bututu, famfo biyu suna duban titi. Ƙofa tana rufe, ruwa yana zuba. Da asuba 'yan ga-ruwa ne a layi, da hantsi yara da almajirai. Ran da injin ya lalace, kafin mu kira taro wani mai shago Musulmi ya riga ya aiko da nasa gudummawar gyara.

Na masara kuwa mun yi kuskure tukuna. Lokacin kullen annobar korona, wanda aka sa a Kaduna a ƙarshen Maris 2020, an rufe majami'u da masallatai, masu neman na yau da na gobe suka shiga wahala. Da aka sassauta, muka sayi hatsi muka yi shela cewa mabukata su zo harabar majami'a. Samarinmu suka shirya ɗaukar hoto domin Facebook. Namu suka zo, na unguwa kuwa ƙalilan. Muka tafi wurin mai unguwa muka ce, "Ranka ya daɗe, ko mun yi wani laifi ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Fasto, matar da mijinta ya rasu ba za ta shiga coci da rana tsaka ta fito da buhu a ka ba, ga kuma hoto. Me za ta gaya wa 'yan'uwan mijinta? Ku bar mata su kai wa mata."

Haka aka yi. Zumuntar mata suka ɗauki aikin, su da su ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Suka tafi da yamma, biyu biyu, da sallama, tiya a cikin jaka kamar mai kai wa 'yar'uwa ziyara. Ba hoto, ba takardar wa'azi a cikin hatsin. Wani ɗan'uwa ya ce mana wannan ɓoye fitila ne. Muka ce masa duk unguwa ta san daga inda masarar ta fito. Wanda ya tambaye mu dalili, za mu gaya masa sunan Yesu ba da kunya ba, an kuwa tambaya. Amma taimakon da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne, mayunwaci kuma yana gane ƙugiya a cikin tuwo.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne a gari kamar namu. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin nan. Suka sulhunta, suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista a nan Kaduna, da ƙoƙarinsu kuma shugabannin addini 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya ta Kaduna ran 22 ga Agusta 2002. Aiki mai kyau ne ƙwarai. Amma bayan wata 3 kacal garin ya sake kamawa da wuta. Takardar manya ba ta isa lungu da kanta ba. Ran tashin hankali, abin da ke tsayad da taron samari a bakin layi shi ne dattijon da zai fito ya ce, "Waɗannan namu ne, ku wuce." Ba zai faɗi haka domin mutanen da bai san su ba, masu zuwa da mota ran Lahadi su rufe ƙofa su yi ta kiɗa da lasifika su tafi. Maganar lasifika ma, 'yan'uwa, mu rage murya. Akwai marasa lafiya da jarirai a bayan katangarmu, kuma wanda ya hana maƙwabci barci ran Asabar da dare, kada ya yi mamaki in an amsa gaisuwarsa da sanyi.

To, yaya aka ƙare da dattijon nan mai tambaya? Ba a sayar ba. Da ma ba mu da ikon sayarwa mu kaɗai, sai da yardar amintattu. Amma an ji kukansa. Aka shirya cewa duk iyalin da kuɗin mota ya fi ƙarfinsu, a ba su takardar shaida su shiga ekklesiyar da ke kusa da su a ƙetaren kogi, kada kowa ya kira su masu gudu. Aka kuma ware kashi ɗaya cikin goma na baikon kowane wata domin aikin unguwa, da asusunsa dabam, da mutum uku masu lura da shi, biyu daga cikinsu mata mazauna Unguwar Dosa. Ajin da ke zama a wofi daga Litinin zuwa Jumma'a, yanzu yara suna koyon lissafi da karatu a ciki da yamma, an kuwa gaya wa iyayensu tun farko abin da za a koyar da abin da ba za a koyar ba. Dattijon bai gamsu duka ba. Ya ce zai sake tā da maganar baɗi, muka ce yana da iko. Shi ne kuma aka ba makullin injin ruwa.

Ga abin da aji zai tattauna. Da sunan wa aka rubuta takardar filin majami'arku, ina kuma ta ke ajiye? Yaushe aka karanta lissafin baiko a gabanku na ƙarshe? Cikin kuɗin bara, nawa ya tafi ga gini da kayan kiɗa, nawa ya isa hannun wanda ba ɗan ekklesiya ba ne? Ma'aji ya zo da littafinsa mako mai zuwa, zumuntar mata kuma su zo da yawan gidajen gwauraye da marayu da ke layin majami'a, na kowane addini, ba tare da sunaye ba.